Gadar da Na Nuna wa Yaya Ladi

Sa'adatu, ke kika fara tambayata, ban kuma ba ki amsa ba. Nura ya sake tambaya shekarar da ya yi aure, da ya kai katin gayyata Sabon Gari ya dawo yana cewa 'ya'yan Gwaggo Ladi sun karɓe shi a tsaye, ko tabarma ba su shimfiɗa masa ba. Na ce masa halin mutane ne. Ba halinsu ba ne, laifina ne. Mahaifiyarku ta san komai, amma ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Yanzu na haura saba'in, gara ku ji daga bakina kafin ku tsince shi a bakin wasu.

Iyayenmu Maguzawa ne, manoma, daga wani ƙauye arewa da Zariya. Babanmu ya sauko Sabon Gari neman aikin dako a tashar jirgin ƙasa, ya kafa ɗaki biyu can ƙasan Muchia, lokacin da wurin duk gonaki ne. Yaya Ladi, wadda kuke kira Gwaggo, ta girme ni da shekara goma sha uku. Innarmu ta rasu ina ɗan shekara huɗu, saboda haka ban san wata uwa ba sai ita. Ita ta bi coci tun tana budurwa, ni kuma na musulunta bayan na girma, kuma ban taɓa ganin hakan ya sauya fuskarta a kaina ba. Watan azumi takan tashi ta ɗumama mini tuwon sahur alhali ita ba ta azumin, ta zauna tana gyangyaɗi har in gama ci. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Auta take ce mini, har bayan furfura ta fito mini. Da ta yi aure mijinta ne ya tare a gidan, da ya rasu kuma ta sayi injin markaɗe ta kafa a ƙofar gida, da shi ta rene 'ya'yanta biyar. Gidan yana gefe ɗaya na wata tsohuwar hanya mai ramuka. Cocinta, da ƙaramar kasuwar unguwa, da famfon burtsatse, da ɗakin shan magani, duk suna ɗaya gefen. A yini takan tsallaka hanyar nan sau goma ba ta ma san ta tsallaka ba, don motocin da ke bi ramuka sun hana su gudu.

Ni kuwa aikina zanen taswirar hanya ne. Ba injiniya ba ne ni, ko da yake mutanen unguwa haka suke kirana. Injiniyoyi su auna su lissafa, ni in zana. Na yi shekaru sama da ashirin a wani kamfani da ke Samaru ina sunkuye a kan tebur da fensir da rula. A duk tsawon shekarun nan, idan aka je yi wa jama'a bayanin hanyar da za ta bi ta garinsu, abu ɗaya ke faruwa. A shimfiɗa babbar takarda a kan tebur, dattawa su kewaye ta, su yi ta kallon layuka baƙaƙe da jajaye, wani ya juya ta, samanta ya koma ƙasa, babu wanda ya gane inda gidansa yake. A tashi taro da faɗa, ko kuma a tashi shiru, wanda ya fi faɗan muni.

Da kwamfuta ta shigo ofishinmu na tsorata, don na ga ana sallamar sa'o'ina ɗaya bayan ɗaya. Na dage na koya, ina da shekara hamsin da wani abu, yatsuna suna tuntuɓe a kan madannai. Allah ya sa hannun da ya saba da zane bai sha wuya ba. Abin da na ƙware a kai shi ne mayar da taswira hoto mai motsi. Sai in gina hanyar a cikin kwamfuta tun ba a zuba tsakuwa ɗaya ba, in sa mata kwalta da lambatu da fitilu, in jera gidajen da ke gefenta kamar yadda suke, in sa motoci suna wucewa, mutane suna tafiya. Idan aka haska a bango, mai kallo sai ya ji kamar yana kan keke yana bin sabuwar hanyar. Mutane suka sa wa abin suna majigi, irin wanda ake haskawa a dandali muna yara. Karon farko da muka nuna shi a wani gari, na ga tsoho makiyayi ya miƙe ya nuna da sandarsa ya ce nan ne shanunsa ke tsallakawa, ina za su bi? Saboda maganarsa aka ƙara kwalbati babba a wurin. Ran nan na dawo gida ina jin cewa aikina ya taɓa yin amfani. Ina so ku riƙe wannan, don kada ku ɗauka majigin ne mugun abu. Shi ne abu mafi kyau da na taɓa koya.

Sai aka ba kamfaninmu aikin tsara hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu na Muchia. Za a faɗaɗa ta ta zama tagwaye, hannu biyu na zuwa, hannu biyu na dawowa, don manyan motoci su daina cushewa a cikin gari. A tsakiya za a gina shingen kankare mai kai wa mutum ƙirji, kada motoci su yi karo. Kuma tunda shingen zai raba unguwar biyu, aka tsara gadar sama ta masu tafiya a ƙasa, daidai gaban famfon burtsatse, taku arba'in daga ƙofar Yaya Ladi.

Ban taɓa yi wa wani aiki hidima kamar wannan ba. Kusan wata biyu ina hawa motar haya daga Samaru ina zuwa ɗaukar hotunan gidaje. Na ɗauki kowace ƙofa da launinta, rumfar mai shayi, shagon Inyamurin da ke sayar da kayan babur, masallacin layi da tulunan alwalarsa, ƙararrawar coci, bishiyar mangwaron da na faɗo daga kanta ina yaro. Duk na gina su a cikin kwamfuta. Gadar kuwa na yi mata matakala masu faɗi marasa tsayi, da ƙarfen dafawa, da rufin kwano saboda rana. Don in faranta wa Yaya rai, cikin mutanen da na sa suna hawa gadar har da wata dattijuwa mai zane shuɗi da kwano a ka, irin shigarta ta kullum. Lokacin idonta ya fara yana, tana gani amma dishi-dishi, kuma ita nake tunani da na rage tsayin matakalar.

Saura kwana uku a yi taron jama'a, shugaban aikin, Injiniya Bawa, ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai sauƙin kai, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya tura mini wata takarda daga waɗanda suka ba da aikin. Sun rage abubuwa da dama. Fitilu sun ragu, itatuwan gefe sun fita, gadar ma an soke ta da jan biro, an rubuta a gefe cewa sai kashi na biyu.

Na ce, "Yallaɓai, yaushe ne kashi na biyun?"

Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Malam Haliru, shekara nawa kake wannan aiki? Kashi na biyu nawa ka gani da idonka?"

"To bari in cire ta daga majigin. Aikin minti biyar ne."

"Ka bar ta. Ba ƙarya muka yi ba, tana cikin tsari, ga ta nan a rubuce. In ka nuna wa mutanen nan shinge babu gada, ba za su sa hannu ba. In ba su sa hannu ba, a ɗauke aikin a kai wata jiha, su zauna da ramukansu shekara ashirin, mu kuma mu rufe ofis. Kuma kai za ka yi bayanin. Ɗan unguwa ne kai, da kai za su yarda."

Na tsaya da takardar a hannu. Sai na ajiye masa ita na fita. Na koma teburina na buɗe majigin, na kai kibiyar kwamfuta kan gadar, ta haskaka alamar an zaɓe ta. Maɓalli ɗaya ya rage in danna. Na daɗe ina kallonta, sannan na rufe na tafi sallar la'asar.

A gida na tarar da mahaifiyarku tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ke Sa'adatu kina shekarar ƙarshe a jami'a, Nura yana shirin shiga. Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai, ina sa ran ta ce mini ba ruwana, ni mai zane ne kawai. Ta ajiye faifan.

"Malam, in ba za ka iya cirewa ba, to ka faɗa da bakinka. Ka nuna musu, ka ce wannan ba yanzu ba ce, kuma ba ka san ranarta ba."

"Hajara, in na faɗa, gobe ba ni da aiki. Wa zai ɗauki mai shekaruna?"

"Da ba ka da aiki Yaya ce ta ciyar da kai. Yanzu kuma ita za ka haska wa abin da ka san babu?"

Na yi fushi na ce ba ta san yadda aikin ofis yake ba. Na ce ai za a iya ginawa daga baya, in jama'a suka matsa. Na ce hanyar kanta alheri ce, masu naƙuda za su isa asibiti da wuri. Duk abin da na faɗa akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ya yi mini sauƙin faɗa. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ranar taron ta ce kanta na ciwo, ba za ta je ba.

An yi taron a babban ajin makarantar firamare ta unguwa, bayan la'asar. Aka toshe tagogi da tabarmi don ɗakin ya yi duhu, aka rataya farin yadi a kan allo, aka tayar da janareta a waje. Mai unguwa yana gaba a kujera, liman da fasto suna gefensa, mata a hagu, maza a dama, waɗanda ba su samu wuri ba suna leƙe ta ƙofa. Yaya Ladi ta zauna a benci na farko saboda idonta. Kusa da ita ƙawarta Inna Kande ce, mai daddawa, maƙwabciyarta ta shekara arba'in, Musulma, wadda ba a ganin ɗaya ba tare da ɗayar ba.

Da hoton ya fito ɗakin ya yi tsit. Sai kuma ya ɓarke. Kowa yana nuna gidansa. Mai shayi ya miƙe yana ihu ga rumfarsa, har da bencinsa mai karyayyar ƙafa. Mai kayan babur ya yi ta magana da Turancin buroka yana dariya, wai shagonsa ya fi kyau a bango fiye da a waje. Na bi da su hanyar a hankali, ina bayani da Hausa, ina maimaitawa da buroka don baƙi. Ga lambatu, ruwan damina ba zai ƙara shiga ɗakuna ba. Ga wurin tsayawar motar haya. Da shingen tsakiya ya bayyana sai dariyar ta ragu, na ji gunaguni ya fara tashi daga baya. Wani ya ce wannan ai katanga ce. Kafin gunagunin ya yi ƙarfi na juya hoton, gadar ta cika farin yadin, da rufinta da matakalarta, mutane suna hawa suna sauka, tirela tana wucewa ta ƙasa ba ta dami kowa ba. Na san lokacin da zan juya. Na auna shi tun a ofis.

Inna Kande ce ta fara ganewa. Ta dafa kafaɗar Yaya ta ce da ƙarfi, "Ladi, ga ki can! Wallahi ke ce, har da kwanon!"

Ɗakin ya kwashe da dariya da tafi. Yaya ta matso har ta kusa taɓa yadin, ta ƙanƙance ido tana kallon matar mai zane shuɗi tana hawa matakala ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Da aka natsu mai unguwa ya ce mai tambaya ya yi. Aka yi tambayoyi a kan inda za a rushe da inda ba za a taɓa ba. Can Yaya ta ɗaga hannu, ita da ba ta magana a taron maza.

"Auta, ni ban iya karatu ba, kuma idona ya tafi. Ba na jin tsoron hanya, katangar nan nake tsoro. Wannan gadar, za a yi ta?"

Injiniya Bawa yana zaune a bayana. Bai yi tari ba, bai taɓa ni ba, kada ku ɗora masa abin da bai yi ba. Ni kaɗai ne a tsaye, hasken majigin yana dukan gefen fuskata.

Na ce, "Yaya, tana cikin tsari."

Ta juya ta fuskanci mata ta ce, "To kun ji. Auta bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Mai unguwa ya sa hannu, liman da fasto suka sa, dattawa suka dangwala yatsa. Da aka fito, Yaya ta riƙe ni ta kai ni gida ta zuba mini dambu, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Aikin ya ɗauki shekara biyu. Hanyar ta fito sumul, baƙa wuluk, kuma gaskiya lambatun ya yi aiki. Shingen ya tashi daga wannan ƙarshen unguwa zuwa wancan babu ko ƙofa ɗaya. Wurin juyawar mota mafi kusa yana can wajen mahaɗar da ke zuwa Basawa, tafiya mai nisa ga mai ƙafa. A gaban famfon burtsatse aka haƙa ramuka huɗu na ginshiƙan gada, aka bar su, ruwan sama ya cika su, daga baya aka mayar da ƙasa. Duk lokacin da na je unguwa sai a tare ni, Injiniya ina gadarmu? In ce ana kan magana. Na rubuta takardu, wannan gaskiya ne, na rubuta har na daina ƙirgawa, mai unguwa yana sa hannu ina kaiwa. Ana karɓa a buga hatimi a ce za a duba. A hankali na rage zuwa.

Mutane ba za su daina shan ruwa ba don an gina shinge. Matasa suka tara bulo suka yi matakala biyu a kowane gefensa, aka riƙa haurawa. Motocin da a da ramuka ke riƙe su yanzu suna zuwa kamar an harbo su. Mace da bokitin ruwa a ka sai ta tsaya a bakin kwalta ta jira, ta ruga, ta hau bulo, ta ɗaga ƙafa ta haura, ta sake jira a wancan gefen tana manne da kankare, iskar tanka tana kaɗa mata zane. Masu kawo wa Yaya markaɗe daga tsallake suka daina zuwa. Idonta kuma ya ƙara rufewa, har ta kai ba ta iya gane nisan mota. Inna Kande ce ta zama idonta. Kowace Lahadi da safe takan riƙe hannunta ta tsallakar da ita har ƙofar coci, ta wuce kasuwa da daddawarta, in an tashi ta dawo ta ɗauke ta.

Wata Lahadi cikin damina sun haura shingen lafiya, saura hannu biyu na wancan gefen. Takalmin Yaya ya zame a kan jiƙaƙƙen bulo ta durƙusa a bakin kwalta. Inna Kande ta sunkuya ta ja ta baya ta manna ta da shingen, ita kuma jikinta ya fita waje. Wata babbar mota ce ɗauke da buhuna. Direban ya tsaya, an ce har kuka ya yi, ya ce bai ga kowa ba sai da ya zo daf. Yaya ba ta ji ko ƙwarzane ba. Ta ce hannun Kande yana cikin nata, sai ta ji babu shi.

Na je gaisuwa ranar uku tare da mahaifiyarku. Bayan mun fito daga gidan mamaciyar muka shiga wurin Yaya. Tana zaune a ƙasa a ɗakinta, ta jingina da bango, an lulluɓe injin markaɗen da buhu a waje. Ta gane takuna. Ta ce Hajara ta ɗan ba mu wuri. Na zauna a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa ta amsa. Sai ta juyo da fuskarta wajena.

"Zan tambaye ka abu ɗaya. Ranar da ka haska mana hoton nan a makaranta, ka san ba za a yi ta ba?"

Ina da amsoshi da yawa a shirye, na fi shekara biyu ina tara su. Na ajiye su duka.

"Na sani, Yaya. Kwana uku kafin taron na sani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta gyaɗa kai a hankali kamar wadda aka gaya wa farashin gero.

"Da ka faɗa, wataƙila da an yi hanyar duk da haka. Su wa muke da za mu hana? Amma da mun san abin da muka sa wa hannu. Ni na juya na ce wa mata su yarda. Kande ta ce mini ita ba ta yarda da hoto ba, na ce mata ba hoto za ki yarda da shi ba, ƙanena ne." Ta gyara zamanta. "Ka gaida yara, Malam Haliru."

Tun daga ranar ba ta sake ce mini Auta ba. Ba ta yanke zumunci ba, kada ku ce ta yanke. In na je ta amsa gaisuwa, ta sa a kawo mini ruwa, ta tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Amma irin karɓar da ake yi wa baƙon kirki ce. Na roƙe ta ta dawo Samaru wurinmu, ta ce a ɗakin da aka haife ni take, nan za ta ƙarasa. Na ce zan riƙa aiko mota kowace Lahadi ta zagaya da ita coci, ta ce kada in wahalar da kaina. Ba ta ƙara tsallaka hanyar nan da ƙafarta ba. Shekara shida tana jin ƙararrawar cocinta daga tsakar gida, matan zumunta suna zuwa yi mata addu'a a ɗaki in sun samu wanda zai haurar da su.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a wurina, kuma shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai mahaifiyarku. Ban bar aikin ba. Na ƙara shekara huɗu a kamfanin, na yi majigin wasu hanyoyi uku na wasu garuruwa. Na sa musu itatuwa da fitilu da duk abin da aka ce in sa. Abin da kawai na canza shi ne na daina zuwa taron, na bar wasu su yi bayani. Da wannan albashi kuka gama karatu. Ba na faɗa don ku ji nauyi ba, ba ku kuka zaɓa ba. Na faɗa ne don kada wani cikinku ya ba 'ya'yansa labari cewa kakansu ya yi kuskure sau ɗaya ya tuba. Na so a ce haka ne.

Yaya ta rasu da safiyar wata Alhamis, cikin barcinta. Babban ɗanta Yakubu ne ya kira ni. Ranar jana'iza aka kawo motar da za ta ɗauki akwatin ta zagaya ta mahaɗar Basawa ta dawo coci, amma Yakubu ya ce a'a. Ya ce ta bar wasiyya cewa a kafaɗa za a kai ta, ta hanyar da ta saba bi, ga cocin nan ana hango ƙofarsa daga gida. Fasto ya yi ƙoƙarin lallashinsa bai yarda ba. Maza shida suka ɗauki akwatin, har da jikokin Inna Kande biyu. Na matsa zan sa kafaɗata, Yakubu ya dube ni.

"Kawu, mun isa. In kana son taimako, ka tsayar mana da motoci."

Na karyo reshen dalbejiya na shiga tsakiyar kwalta na ɗaga shi sama. Motar farko ta kauce mini ta wuce. Ta biyu ta ja birki har tayoyinta suka yi ƙara, na baya suka jeru. Wani matashi ya haura ya tare na wancan gefen. Masu akwatin suka taho a hankali, mata suna biye suna waƙa ƙasa-ƙasa. Da suka isa shingen sai aka tsaya. Uku suka hau bulo suka haura, ukun da suka rage suka ɗaga akwatin sama da kawunansu suka miƙa, ya karkace, na ji abin da ke ciki ya zame ya bugi katako. Wata mata ta yi salati, wata ta kira sunan Yesu. Aka daidaita shi a kan kankaren, aka ja shi ya sauka wancan gefen. Daga nan sai matan, ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi ana riƙe musu hannu, kowace ta tattare zaninta ta ɗaga ƙafa a gaban layin motoci.

Ni ina tsaye da reshe a sama, hannuna ya gaji, ban sauke ba. Masu motoci suka fara danna oda. Wani direban tanka, yaro ne sa'an Nura, ya leƙo ta taga ya daka mini tsawa.

"Baba, ku ba ku da hankali ne a unguwar nan? Nan wurin tsallakawa ne? Ku je ku ce a gina muku gada mana!"

Na ce masa ya yi haƙuri, saura mutum uku.